Guguwar Irma: kwana goma sha ɗaya ana kallon ta tana tafe

Duk wanda ya yi damina a ƙasar Hausa ya san inda hadari ke tasowa. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, gari ya yi tsit, sai iska ta taso da ƙura da karmami, mata su hau kwashe shanya, kafin ka ce kwabo ruwa ya tsuge. Bayan awa ɗaya ko biyu hadarin ya yi yamma, mu ce ya wuce. Ba kasafai muke tambayar inda ya nufa ba.

Masana yanayi sun bi sawunsa. A tsakiyar damina, zafin Sahara da damshin da ke tasowa daga gaɓar tekun Gini suna haifar da wata iska mai ƙarfi can sama, wajen kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, tana kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Ba a miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi kamar maciji, kuma kowace lanƙwasa tana jan gungun hadari. Daga tsaunukan Habasha da na Darfur gungun ke ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali, ya faɗa tekun Atlantika ta wajen Senegal. Irin wannan gungu yakan kai 60 a shekara, ɗaya na bin ɗaya duk kwana uku ko huɗu. Yawancinsu a kan teku suke mutuwa, ko dai ruwan bai yi ɗumin da ake bukata ba, ko busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ta shaƙe su. Amma kaɗan ɗin da suka rayu su ne tushen kimanin 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atlantika.

Ɗaya daga cikinsu ya bar gaɓar Afirka ta Yamma ranar 27 ga Agusta 2017. Ranar 30 ga wata, yamma da tsibiran Cape Verde, ya dunƙule ya fara juyawa, aka raɗa masa suna Irma daga jerin sunayen da hukumar yanayi ta duniya ke tanada. Ruwan tekun da ke ƙarƙashinta ya haura digiri 26, wanda shi ne abincin irin wannan guguwa: ruwan ɗumi ya zama tururi, tururin ya hau sama ya zama girgije ya saki zafi, zafin ya ƙara zuƙo iska daga ƙasa. Cikin kwana biyu Irma ta kai mataki na uku a ma'aunin da ke da matakai biyar, wato iskarta ta haura kilomita 178 a awa. Ranar 1 ga Satumba, Juma'ar da muka yi Babbar Sallah a nan, tana can tsakiyar teku inda babu gida babu gona, amma tuni mutanen da ke nesa da ita da dubban kilomita sun fara ƙidayar kwanaki.

Masu ƙidayar suna zaune ne a cibiyar lura da guguwa ta ƙasar Amurka da ke Mayami, a harabar wata jami'a. Aikinsu yana da ƙa'ida kamar lokutan sallah: ƙarfe biyar na asuba, sha ɗaya na safe, biyar na yamma, sha ɗaya na dare, kowane lokaci su fitar da sanarwa kan inda guguwar take, ƙarfinta, da inda ake zaton za ta kasance nan da kwana biyar. In ta kusa ƙasa sai a ƙara wasu sanarwar a tsakani. Da farko tauraron ɗan'adam kaɗai ke ganin ta. A shekarar akwai sabon tauraro, GOES-16, wanda aka harba a Nuwamba 2016, ana cikin gwajinsa, yana iya turo hoto duk minti ɗaya, har ana ganin gizagizai na zagaya idon guguwar, wato ramin da ke tsakiyarta, kamar ruwa a cikin mazurari.

Sai dai hoto daga sama ba ya faɗin komai da komai. Da Irma ta matso inda jirgi zai iya kai mata, sai aka tura jiragen da aikinsu ke nan: na rundunar sojan sama da ke Biloxi a jihar Mississippi, da na hukumar kula da teku da yanayi. Jirage ne masu farfela huɗu, suna tashi a tsayin kamar kilomita uku, su kutsa kai tsaye cikin katangar idon guguwar, inda iska ta fi hauka, su ɓulla cikin idon inda sama take tangaran, su sake kutsawa ta ɗaya ɓangaren. A hanya suna sakin wasu 'yan bututu da tsawonsu bai kai kamu ɗaya ba, kowanne da 'yar laimarsa. Bututun yana gangarowa yana turo ma'aunin iska da zafi da damshi da nauyin iska har ya faɗa ruwa. Wani jirgin kuma yana zagaya bayan guguwar can sama, yana auna iskokin da ke tura ta. A doron ƙasa, ofisoshin yanayi da dama na Amurka suka riƙa sakin balan-balan na awo duk awa shida, maimakon sau biyu a rana da aka saba. Duk wannan bayani ana zuba shi cikin manyan kwamfutoci, na Amurka da na Turai da a lokacin ke Reading a Ingila, su yi lissafi su fitar da hanyoyin da guguwar za ta iya bi.

Ina ganin ya kamata a tsaya a yaba wa wannan aiki. A 1900 guguwa ta afka wa Galveston a Teksas ta kashe dubban mutanen da ba su san girman abin da ke tafe ba. Irma kuwa tun tana da kwana biyar kafin ta taɓa ƙasa an nuna yankin da za ta bi, kuma kusan nan ta bi.

Ranar Talata 5 ga Satumba ta kai mataki na biyar. Iskarta ta kai kilomita 285 a awa, kuma ta riƙe matakin har awa 60 a jere. Abu na farko da ke gabanta shi ne Barbuda.

Barbuda tsibiri ne a yankin Karibiyan, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, mutanensa ba su fi 1,800 ba, yawancinsu a gari ɗaya, Codrington. An gargaɗe su da wuri, kamar yadda aka gargaɗi kowa. Amma me mutumin Barbuda zai yi da gargaɗi? Babu tudun da zai hau, babu titin da zai bi ya fita. Abin da aka iya shi ne a buga katako a taga, a ja kwale-kwale kan tudu a ɗaure, a taru a gine-ginen da suka fi ƙarfi. Wajen ƙarfe biyu saura na daren da ya wayi Laraba idon guguwar ya bi ta kan tsibirin. Na'urar auna iska da ke wurin ta nuna sama da kilomita 240 a awa, daga nan ta daina aiki. Sadarwa ta yanke baki ɗaya, har sai da Firaminista Gaston Browne ya hau jirgi mai saukar ungulu daga Antigua, babban tsibirin ƙasar tasu, ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya ce kimanin 95 cikin 100 na gine-gine sun lalace. Rai ɗaya aka rasa, yaro ɗan shekara biyu. In aka dubi ɓarnar, wannan adadi shaida ne cewa gargaɗin ya yi aiki, mutane sun shiga inda aka ce su shiga.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin wata guguwar, Jose, tana biye da Irma da kwana uku kacal, ga shi babu rufin da ya rage a ɓuya a ƙarƙashinsa. Gwamnati ta kwashe kowa da kowa zuwa Antigua da jiragen ruwa da na sama. Jose ta kauce ta yi arewa, amma tsibirin ya zauna babu mutum ko ɗaya na makonni, abin da jami'an ƙasar suka ce ba a taɓa gani ba cikin shekara 300.

A ranar Larabar dai Irma ta bi ta kan Saint Martin, tsibirin da Faransa da Holan suka raba, ta wuce tsibiran Virgin na Birtaniya, ta gifta arewa da Puerto Rico ta bar kusan gida miliyan ɗaya a duhu. A Bahamas, Firaminista Hubert Minnis ya sa aka kwaso mutanen tsibiran kudu da jiragen sama zuwa Nassau, babban birninsu, kwasa mafi girma a tarihin ƙasar.

Kyuba tata hanyar daban ce. Ƙasa ce mai ƙarancin kuɗi da motoci, amma tun 1986 duk shekara kafin lokacin guguwa ana yin atisaye na ƙasa baki ɗaya. Hukumar kare farar hula tana da matakai huɗu da ɗan makaranta ma ya haddace: sanarwa, faɗakarwa, ƙararrawa, sai farfaɗowa. A kowace unguwa an san gidan da ke da tsoho, da mai ciki, da mara lafiya, an san rufin da ba zai jure ba, an kuma san gidan da mutanensa za su koma. Sama da mutum miliyan ɗaya aka tayar saboda Irma, kuma mafi yawansu ba sansani suka tafi ba, gidan dangi ko maƙwabci mai ginin siminti suka koma, tafiyar da ake yi a ƙafa ko a motar gwamnati. Daren Juma'a 8 ga wata guguwar ta faɗa gaɓar arewacin ƙasar a mataki na biyar, ta kwana ta wuni tana goga gaɓar. Igiyar ruwa ta tsallake katangar bakin teku ta Habana, babban birnin ƙasar, ta shiga unguwanni. Mutum 10 suka mutu, bakwai daga cikinsu a Habana, inda tsofaffin gine-gine suka rufta. A ma'aunin Kyuba wannan adadi mai yawa ne.

Fulorida, jihar Amurka da Mayami ke cikinta, ita ce inda shirin ya fi girma, kuma a nan ne ya fi cancanta a duba shi dalla-dalla. Mutanen jihar, kimanin miliyan 21, sun shafe makon da ya gabata suna kallon yadda guguwar Harvey ta nutsar da birnin Houston a Teksas. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gwamna Rick Scott ya kafa dokar ta-ɓaci a dukan gundumomi 67 tun ranar Litinin 4 ga wata, kwana shida kafin guguwar ta iso. Aka ɗage kuɗin shingen hanyoyi, aka kira dakarun jiha 7,000, aka rufe makarantu don su zama matsuguni. Kullum gwamnan na gaban talabijin yana nanata magana ɗaya, cewa gida ana iya sake gina shi, rai kuwa ba a iyawa.

A cikin gidaje, shiri abu ne da aka saba. Mai gida ya ɗauko allunan ƙarfe ko na katako ya toshe tagogi, ya shigo da kujerun tsakar gida da tukwanen fure, domin a iskar kilomita 200 kowannensu makami ne. Uwar gida ta cika bahon wanka da ruwa saboda banɗaki, ta cika robobi ta jera a firiza su daskare. A tanadi ruwan sha kamar lita huɗu ga kowane mutum a rana, da abincin gwangwani, da tocila da batir, da maganin da ake sha kullum, da tsabar kuɗi a hannu saboda na'urar cire kuɗi ba ta aiki in babu wuta. Takardun gida da na inshora a sa a leda a ɗaure. Wanda ya yi wannan tun watan Yuni ya huta. Wanda ya bari sai makon ya tarar da kantuna an wawashe ruwan roba da katako, ya gane ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar tashi. Tsibiran Keys da ke can ƙarshen kudu hanya ɗaya tak ke haɗa su da sauran jihar, titi mai gadoji 42, don haka tun Laraba aka ce baƙi su fita, sannan 'yan gari. Gundumar Mayami ta umarci sama da mutum 650,000 su bar gidajensu. A ƙarshe umarnin tashi ya shafi kimanin mutum miliyan shida da rabi. Fulorida kuwa dogon zirin ƙasa ce da teku ya kewaye ta gefe uku, mafita ɗaya ce, arewa, kuma manyan tituna biyu zuwa uku ne ke kai wa can. Motoci suka yi cincirindo, tafiyar awa huɗu ta koma ta sha biyu. Gidajen mai suka ƙafe, har sai da 'yan sanda suka riƙa raka tankokin mai da jiniya. An ba masu mota damar bin gefen titi a wani dogon yanki, amma jihar ta ƙi mayar da hannun kudu ya zama na masu fita, saboda ta nan mai da kayan agaji ke shigowa. A ganina wannan shawara ta yi daidai, domin mota dubu da babu mai a tsakiyar titi ta fi cunkoso haɗari. An riga an ga haka a Teksas a 2005, lokacin guguwar Rita, inda gudun da zafin rana suka kashe mutane fiye da yadda guguwar kanta ta kashe.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne kan taswirar da kowa ke gani a waya da talabijin. Zane ne mai kama da mazurari, siriri a inda guguwar take, yana buɗewa yayin da kwanaki ke ƙaruwa, da ɗige-ɗige a tsakiya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa mazurarin girman guguwar ne, ko kuma ɗigon tsakiya shi ne hanyarta. Ba haka ba ne. Faɗin mazurarin ana samo shi ne daga kurakuran hasashe na shekara biyar da suka wuce, kuma abin da yake cewa shi ne: sau biyu cikin uku, tsakiyar guguwar za ta kasance wani wuri a cikin nan. A 2017 tazarar ta kusa kilomita 200 ta kowane gefe a hasashen kwana uku, ta kusa 400 a na kwana biyar. Tsakanin Mayami a gabas da Naples a yamma kuwa bai kai kilomita 200 ba. Ke nan duk kudancin jihar yana cikin abin da kimiyya ba za ta iya rarrabewa ba.

Abin da ake jira shi ne kwanar da Irma za ta yi. Wani babban tudun iska da ke kan Atlantika ne ke tura ta yamma, kuma an san in ta kai bakinsa za ta juya arewa. Yaushe? Bambancin awa shida zuwa sha biyu shi ne bambancin gabas da yamma. Laraba da Alhamis ɗigon yana kan Mayami, sai mutanen gabas da dama suka tsallaka yamma, suka kama ɗakuna a Naples da Fort Myers da Tampa. Juma'a ɗigon ya matsa tsakiya, Asabar ya koma gaɓar yamma. An gudu ba a tsira ba. Mutanen yamma kuma, waɗanda suka saki jiki suna ganin abin na maƙwabta ne, suka wayi gari da umarnin tashi saura kwana ɗaya. A Estero dubban mutane suka yi layi na awoyi a ƙofar wani filin wasa da aka mayar matsuguni, da tsofaffi a keken guragu, da jarirai, da karnuka a keji. Alhali gaɓar yamma ba ta taɓa fita daga cikin mazurarin ba a duk waɗannan kwanaki. Hasashen bai yi ƙarya ba, karatun da aka yi masa ne ya karkace, kuma ina ganin masu zanen da masu yaɗa shi suna da nasu kason a ciki, domin ido ɗigo yake bi.

Jami'an agaji na can suna da wata magana da suke maimaitawa: ruwa ake gudu, iska kuwa ɓuya ake yi mata. Manufar umarnin tashi ita ce a fitar da mutanen da teku zai iya hawowa kansu, da masu zama a gidajen tirela marasa tushe, su matsa 'yan kilomitoci zuwa gini mai ƙarfi a kan tudu. Ba a ce kowa ya nufi Jojiya, jihar da ke arewa da Fulorida, ba. Tun bayan guguwar Andrew ta 1992 jihar ta tsaurara dokar gini, sababbin gidaje da yawa suna iya jure iska. Amma tsoro ba ya karanta taswirar unguwa, mutane masu yawa da ba a ce su tashi ba suka hau titi, suka cinye man da na bakin teku ke bukata.

Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi. Tashi yana cin kuɗi: mai, ɗakin otal na kwana huɗu ko biyar, abinci a hanya, ga albashin kwanakin da ba a yi aiki ba. Leburorin gonakin tumatir na Immokalee, waɗanda da yawansu baƙin haure ne da ke zaune a tsofaffin tireloli, ba su da wannan. Kusan mutum 200,000 ne suka kwana a matsugunan gwamnati. A gundumar Polk shugaban 'yan sanda ya sanar cewa za a duba katin shaida a ƙofar matsuguni, kuma duk wanda ake nema da sammaci gidan yari zai wuce. Ko da niyyarsa kare yaran da ke ciki ce, irin wannan magana a irin wannan rana tana sa wanda bai biya tarar mota ba ma ya gwammace ya zauna a tirelarsa.

Gogar da Irma ta yi da ƙasar Kyuba ta rage mata ƙarfi sosai, kuma wannan ne ya sassauta wa Fulorida. Ta ɗan farfaɗo a kan ruwan ɗumin da ke tsakani, ta faɗa Cudjoe Key, ɗaya daga tsibiran Keys, da safiyar Lahadi 10 ga Satumba a mataki na huɗu, da iskar kimanin kilomita 215. Da la'asar ta sake sauka a Marco Island a mataki na uku. An yi fargabar teku zai hau da mita uku zuwa huɗu da rabi a kudu maso yamma, ya tsaya a mita biyu zuwa uku a inda ya fi muni, kamar Everglades City. A Tampa abin mamaki aka gani: iskar da ke kaɗawa daga tudu ta kore ruwan gaɓar, ƙasan teku ya fito fili, mutane suka sauka suna tafiya a kan taɓo suna ɗaukar hoto, jami'ai na roƙonsu su hau domin ruwan zai dawo. Jacksonville kuwa, can arewa maso gabas, ɗaruruwan kilomita daga inda idon ya sauka, ita ta sha ambaliyar da ta zarce ta guguwar Dora ta 1964, saboda iska ta tura teku cikin kogin St. Johns ta hana shi fita.

Da gari ya waye Litinin, mutane da yawa suka ce an tsallake rijiya da baya. Mayami na tsaye, Tampa na tsaye. Amma gidaje da shaguna miliyan 6.7, kusan biyu cikin uku na jihar, ba su da wuta, ga zafin Satumba mai damshi irin wanda gumi ba ya bushewa.

Daga baya hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi takardun mutuwa a Fulorida da Jojiya da Carolina ta Arewa, ta ƙirga mutum 129 da rasuwarsu ke da alaƙa da Irma. Waɗanda iska ko ruwan guguwar ya kashe kai tsaye 11 ne. Mutum 115 ta wata hanyar suka tafi: ciwon da suke da shi ya tashi saboda wahala ko yankewar magani, haɗarin mota, faɗowa daga tsani ana buga katako ko ana sare bishiya. Zafi ya kashe 17. Hayaƙin janareta ya kashe 16, yawanci a gidajen da aka kunna shi a gareji ko dab da taga, iyali suka kwanta barci ba su ji warin komai ba. Wannan mutuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, mun sha jin ta a garuruwanmu.

Ga ni nan ne zuciyar lamarin take. Kwana goma sha ɗaya an zuba ido a kan ranar da iska za ta iso, an auna ta, an zana ta, an gudu daga gabanta, kuma an yi nasara a wannan. Makon da zai biyo baya, na duhu da zafi, shi ne ba a yi wa tanadi daidai ba, kuma waɗanda suka biya kuɗin su ne waɗanda ba sa iya tashi da ƙafarsu.

A garin Hollywood, arewa da Mayami, akwai wani gidan kula da tsofaffi mai mutum wajen 140. Ba ya cikin yankin da aka ce a tashi, kuma ginin bai rushe ba. Fitilu ma ba su mutu ba. Taransifomar da ke ba na'urar sanyaya ginin wuta ce kaɗai ta lalace ranar Lahadi. Ma'aikata suka jera fankoki da ƙananan na'urorin sanyi a baranda, suka yi ta kiran kamfanin wuta da jami'an jiha. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, zafi na taruwa a benen sama inda mafi raunin tsofaffin ke kwance, waɗanda wasunsu ba sa iya cewa suna jin ƙishi. Da asubahin Laraba 13 ga wata aka fara kiran motar asibiti, ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan jinya na babban asibitin da ke tsallaken titi, da suka ga marasa lafiya na zuwa daga gida ɗaya jikinsu kamar garwashi, suka taka da ƙafa suka shiga, suka bi ɗaki-ɗaki suna fito da mutane. An auna zafin jikin wata tsohuwa ya haura digiri 43. Mutum 14 suka rasu a ranar da makonnin da suka biyo, likitan binciken gawa ya tabbatar da cewa zafi ne ya kashe 12 daga cikinsu. Asibitin da ke da wuta da sanyi yana nan a tsallaken titi duk kwana ukun.

Jihar ta rufe gidan. An gurfanar da wasu ma'aikata, amma shari'ar ta ƙare ba a ɗaure kowa ba. A Maris 2018 gwamna ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa duk gidan kula da tsofaffi a Fulorida ya mallaki janareta da tanadin mai, wanda zai iya riƙe zafin ɗaki kada ya wuce digiri 27 har tsawon awa 96 bayan ɗaukewar wuta.

Ɓarnar dukiya a Amurka kaɗai ta kai kimanin dala biliyan 50. Mutanen Barbuda sun koma a hankali, suka tarar da wata rigimar kan ƙasarsu, wadda tun kakanni mallakar al'umma ce baki ɗaya, gwamnati kuma ta nemi sauya tsarin da sunan sake gini. Puerto Rico ba ta gama gyara turakun wutarta ba guguwar Maria ta faɗa mata ranar 20 ga Satumba. A 2018 hukumar yanayi ta duniya ta cire sunan Irma daga jeri, kamar yadda ake yi wa duk guguwar da ta yi mummunar ɓarna, ta sa Idalia a gurbinsa. Da jerin ya zagayo a 2023, Idalia ta faɗa arewa maso yammacin Fulorida ranar 30 ga Agusta, a mataki na uku.